Yadda Ƙanena Fezile Ya Samu Lambarsa

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan da mahaifiyarmu ta haifa: ni Zoleka, sai ƙanena Fezile, shekara uku tsakaninmu. A garin Mdantsane, kusa da birnin Monti, muka tashi, unguwa ta tara, cikin gida mai ɗaki huɗu irin na kowa. Har yau yana gidan, ni kuma ina layi na biyu daga nan. In iska ta juyo, daga tsakar gidana ina jin ƙarar zartonsa.

Mahaifinmu ya dawo daga ramin zinariya da tarin da bai bar shi ba har ya kai shi ƙasa. Lokacin Fezile yana da shekara goma sha biyar, ni kuma an ba ni gurbi a kwalejin horar da malamai. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa bar makaranta. Wata Litinin kawai ya ninke farar rigarsa ta makaranta, ya ajiye a kan gadon Mama, ya bi mazan layinmu zuwa Monti neman aiki. Shekarar da aka ƙaurace wa bas ce, kowa a ƙasa yake takawa har tashar jirgin ƙasa. Mama ta ga rigar, ta ɗauka ta sa a akwati, ba ta hana shi ba. Ni ma ban hana ba. Na tafi kwaleji.

Ya yi kusan shekara biyu yana tsayawa bakin titi inda 'yan aikin yini suke jira, yau ya samu gobe ya rasa. Ran nan wata farar a-kori-kura ta tsaya, wani jan Bature mai kaurin wuya ya leƙo ya nuna shi da yatsa. Sunansa Kotze, yana da ɗan kamfanin aikin famfo. Diga da shebur ya miƙa masa, ya nuna masa inda zai haƙa. Da yamma ya zo ya duba ramin, ya ce ya dawo gobe. Goben nan ita ce ta zama shekara ashirin da takwas.

Kotze ba ya koyarwa, ba ya kuma hana kallo. Fezile kuwa Allah ya ba shi ido. Yana cikin rami yana kallon yadda ake haɗa bututu, yadda ake narka dalma a like na jan ƙarfe, inda ake sa gwiwar bututu da inda ba a sawa. Kafin ya kai talatin shi yake hawa cikin silin ya kafa tankin ruwan zafi, shi yake shimfiɗa bututun kwata na gida sukutum. Daga baya ma Kotze sai ya sauke shi a wurin aiki da safe ya wuce, ya dawo da la'asar, ya ɗan zagaya hannu a aljihu, ya jingina takarda a kan bonet ya sa hannu. Matar Fezile, Nosakhele, wadda bakinta ba ya ɓoye abin da ke ranta, takan ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Shi kuwa sai ya ce mata ai kurar ma ba ta kwana da yunwa.

Ba zan ce Kotze mugun mutum ba ne. Da Mama ta rasu shi ya kawo motarsa aka ɗauko kujeru daga coci. Kowace Kirsimeti akwai cinyar rago. Amma a takardun kamfani, daga ranar farko har ta ƙarshe, abin da aka rubuta a gaban sunan ƙanena shi ne lebura.

Da Kotze ya samu shanyewar ɓarin jiki, kamfanin ya mutu cikin wata biyu. 'Yarsa ta sayar da motoci, ta bar wa Fezile akwatin kayan aikin da dama a hannunsa ya tsufa. Ya dawo unguwa yana aikin kansa. Aiki bai yanke masa ba, don a Mdantsane ba a rasa famfon da ke ɗiga ko masan da ya toshe. Sai dai duk aikin da ya ɗan girma, a nan ake tsayawa. Tankin ruwan zafi sai da takardar shaida mai lambar lasisi, in ba haka ba kamfanin inshora ba zai ko kalli mai gida ba ranar da abin ya fashe. Fezile ba shi da lamba. Sai ya gama aiki tsaf, sannan ya nemo wani mai lamba ya zo ya sa hannu, a raba abin da aka samu. Wasu ko daga mota ba sa sauka.

Abin da ya tayar da maganar, a makarantar firamaren da nake koyarwa ya faru. Banɗakunanmu sun daɗe da lalacewa, yara mata har gida suke gudu in ta matse su, wasu ba sa dawowa aji. Fezile ya yi shekara uku yana zuwa ranar Asabar yana lallaɓa su kyauta. Da aka amince a sake su gaba ɗaya, shugabar makaranta ta kira shi ofis da murna, ta ce aikin nasa ne, ya cike takarda kawai. Ni na zauna ina cike masa. Muka zo layin da aka ce a rubuta lambar lasisi, na ɗaga biro. Shugaba ta dube ni, ta dube shi, ta kira shi Tata, wato Baba a yarenmu.

"Tata, ba yadda za mu yi da wannan layin?"

"Babu, Mama," in ji shi. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Aka ba wani kamfani daga nesa. Suka zo da mota mai rubutu a jiki, suka yi sati uku, suka tafi. Wata biyar ba a cika ba ƙazanta ta dawo tana bulbulowa ta tsakar filin wasa. Wa za a kira? Fezile. Ya haƙa, ya tarar sun kwantar da bututun yana hawa maimakon ya gangara. Na same shi tsaye a cikin ramin har ƙugu, ya riƙe shebur, yana kallon bututun kamar wanda aka zagi iyayensa.

"Sisi," ya ce, don haka ake kiran yaya mace a wurinmu, "wanda ya yi wannan yana da lamba."

"Yana da ita."

"To ni ma ina so."

Muka je muka tambaya. Aka ce wanda ya daɗe a sana'a ba sai ya koma makaranta daga farko ba. Zai kawo wasiƙa daga inda ya yi aiki da ke bayyana shekarunsa da irin aikin da ya yi, da hotunan ayyukansa, a gwada shi, sannan ya je babbar jarrabawar sana'a, akwai ta hannu akwai ta rubutu. Hotuna ba matsala, Nosakhele ta bi gida gida da wayarta tana ɗauka. Wasiƙar ce ta tsaya masa a rai kwana uku.

Ranar Lahadi bayan coci na raka shi unguwar Gonubie, gidan 'yar Kotze, inda tsohon yake jinya. Muka tarar da shi a kujera mai taya a baranda, an lulluɓe masa ƙafafu, ya rame har wuyan nan ya zama kamar na kaza. Da ya ga Fezile, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. 'Yar, sunanta Marlene, ta saurari abin da ya kawo mu, ta shiga ciki ta fito da wani tsohon fayil.

"Ina so in taimaka," ta ce, "amma duba, ko'ina lebura aka rubuta. Ba zan iya rubuta abin da takarda ba ta ce ba."

Tsohon ya bugi hannun kujera da hannunsa mai lafiya. Magana tana fita masa da ƙyar, kalma ɗaya ɗaya, sai an kasa kunne. Ya ce ta ɗauko biro. Ya fara lissafo mata gine-gine: otal ɗin bakin teku, gidajen ma'aikata ashirin da huɗu, wani ɗakin haihuwa, wata masana'anta. Bayan kowane suna sai ya nuna Fezile da haɓa. Marlene tana rubutu, shafi ya cika ta juya. Ni da nake yayarsa ban san rabinsu ba.

Da aka gama, ya sa hannu da hagu, rubutun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Fezile ya karɓi takardar ya ninke. Na ɗauka shi ke nan za mu tashi, sai na ji ya kira shi Baas, wato maigida, da muryar da ban san shi da ita ba.

"Baas, shekara ashirin da takwas. Me ya hana ka tura ni jarrabawar nan tun ina da ƙarfi?"

Marlene ta sunkuyar da kai. Tsohon ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito.

"Da na tura ka, da ka bar ni."

Fezile ya gyaɗa kai. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙe, ya tambayi Marlene ko tana da sifana, don tun da muka zauna yake jin famfon kicin ɗinta yana ɗiga, abin yana damunsa. Ya gyara, ya wanke hannu, muka kamo hanya.

Daga nan aka shiga karatu, nan kuwa aka sha rigima. Na yi ritaya a shekarar, don haka kullum da la'asar in ya taso aiki sai ya biyo ta gidana, mu zauna a teburin kicin. Na koyar da yara shekara talatin, ban taɓa samun ɗalibi mai taurin kai kamarsa ba. In ya yi kuskure na gyara, sai ya ce littafin ne bai san aiki ba. In na ce ya karanta da ƙarfi, sai ya ce shi ba ɗan aji biyu ba ne. Yana karatu a hankali ƙwarai, yana tsallake layi, bakwai ta zama ɗaya, takwas ta zama uku. Raina ya fara karaya. Na fara tunanin ko shekarun da ya yi nesa da allo sun yi yawa.

Ran nan Nosakhele ta kawo mana fanke da zafinsa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda ya miƙar da hannu ya riƙe littafin can nesa, ya ƙanƙance ido.

"Sisi, wai ba ki lura ba? Mutumin nan ba ya gani. Shekara biyar ke nan ni nake karanta masa saƙon waya."

"Ina gani sarai," in ji shi.

"To karanta min abin da ke jikin gwangwanin shayin nan."

"Shayi."

"Sukari ne a ciki, kuma jam aka rubuta."

Ya ce tabarau na fastoci ne da malaman makaranta, mai aikin famfo da tabarau ai abin dariya ne. Muka sa shi a tsakiya kamar ɓarawon akuya har wurin masu duba ido. Ranar da aka ba shi tabarau ya sa, ya juyo ya ƙare min kallo.

"Sisi, ashe haka kika tsufa?"

Na ce ya gode wa Allah a cikin mutane muke. Amma daga ranar karatu ya miƙe. Ashe rabin abin da muke kira rashin ilimi, rashin gani ne. Dokokin aiki ya haddace su kamar ayoyi, don yawancinsu ya san su a hannu, sunansu ne kawai bai sani ba. Lissafi ne kaɗai ya ƙi. In na kawo maganar lissafin gangaren bututu sai ya ture littafin.

"Wannan ba sai na koya ba. Ido na ya fi duk wata na'ura."

A birnin Bhayi, can nesa da mu, aka yi jarrabawar, kwana biyu. Nosakhele ta cika masa kwano da dafaffiyar masara da wake, ta goge masa shuɗiyar rigar aikinsa har tana ƙyalli. Ya dawo ranar Juma'a, bai biyo ta gidana ba. Da na je na same shi a bayan gida yana wanke kayan aikin da ba su yi datti ba. Sai da na zauna a kan bokiti na nuna ba inda za ni, sannan ya ba ni labari.

Mai jarraba su mace ce, sunanta Babalwa, wadda a cewarsa ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Da ya gan ta da allon rubutu a hannu sai ransa ya ce wannan me ta sani. Aikin tankin ruwan zafi ya gama kafin kowa. Likin jan ƙarfe kuwa har ta kira wasu su zo su gani. Sai aka zo shimfiɗa bututun kwata. Aka ba kowa na'urar awo da takarda, aka ce ya fitar da lissafin gangaren, ya rubuta, sannan ya shimfiɗa. Fezile ya ajiye na'ura gefe, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya shimfiɗa abinsa. Babalwa ta zo ta auna, ta sake aunawa. Ta zuba bokitin ruwa, ruwa ya wuce sumul.

"Daidai yake, Tata. Ina lissafin?"

"Ga shi nan kin gani, 'yata. Ruwa ya wuce."

"Na gani. Amma takardarka ba komai a kanta."

"Ruwa yana karanta takarda ne?"

Ya ce ba ta yi fushi ba. Ta ja shi gefe inda sauran ba za su ji ba, ta ce masa, "Tata, a wurin nan ban ga hannu kamar naka ba. Amma lambar da kake nema, ba ta aikin hannunka kaɗai ba ce. Gobe za ka sa hannu a kan aikin da wani ya yi. Za ka tura mutum wani gari ka ce ya shimfiɗa bututu. Me za ka ba shi ya tafi da shi? Idonka?" Ta rubuta bai ci wannan ɓangaren ba, ta ce ya dawo.

"Yarinya ƙarama," in ji shi, yana goge sifana. "Lokacin da na fara haƙa rami ko auren uwarta ba a yi ba."

Na ce masa gemu ba ya hana ilimi. Ya ce in riƙe karin maganata, na ajin yara ne. Ya mayar min da littattafaina a leda washegari, ya rataye a ƙyauren gidana, bai ko shigo ba. Wata huɗu ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Gwiwarsa ce ta dawo da shi. Ya zame daga tsani, likita ya ce sati shida ba tsuguno ba hawa. Ga shi ya riga ya karɓi aikin kwata a gidan wata gwauruwa a unguwa ta goma sha ɗaya, an haƙa rami, damina na tafe. Sai ya nemo Mongezi, tsohon abokin aikinsa a wurin Kotze, mutum mai furfura kamarsa, ƙarfi kamar sa, amma bai taɓa shimfiɗa bututu shi kaɗai ba. Aka ajiye wa Fezile kujera a bakin ramin. Matar gidan ce ta ba ni labarin, tana dariya har da hawaye. Wai tun safe abin da ake ji ke nan: "Sauke kaɗan. Ya yi yawa. Ɗaga. Ba haka ba, Mongezi, kaɗan na ce." Shi kuma daga cikin rami yana cewa, "Kaɗan ɗin nawa ne, Jola? Faɗa min nawa ne." Jola sunan zuriyarmu ne, da shi ake kiran Fezile in ana girmama shi, ko in an gaji da shi. Aikin awa biyu ya cinye yini guda, har suka kusa ba hamata iska.

Da la'asar sai ga shi a ƙofata yana dogara sanda. Bai gaishe ni ba ma.

"Ina littattafan nan?"

Wannan karon ban zaunar da shi a tebur ba. Na fito da shi tsakar gida, na kafa turaku biyu, na ɗaura igiya, na auna mita goma sha biyu. Na ce, "In an ce gangare ɗaya cikin sittin, wannan bakin zai sauka da nawa?"

"Ban sani ba."

"Ka sani. Nuna min da hannu."

Ya dubi igiyar daga wannan turke zuwa wancan, ya buɗe tafinsa daga babban yatsa zuwa ƙarami. Na ɗauko tef na auna tsakanin yatsun: santimita ashirin, har da ɗan ɗoriya. Sannan na ba shi biro, muka mayar da mita goma sha biyu santimita, muka raba da sittin, a hankali, yana gumi. Amsa ta fito ashirin. Ya dubi takardar, ya dubi hannunsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ashe abu ɗaya muke faɗi, ni da littafin."

"Tun da daɗewa."

"To me ya sa ba ki faɗa min haka tun farko ba?"

Na ce ai malamar ma tana koyo. Daga ranar shi yake ƙirƙiro tambayoyi. Ya auna tsakar gidana ta kowace fuska, ya auna layinmu har bakin kwalbati, ya tsayar da fasto a ƙofar coci yana masa bayanin dalilin da ya sa ruwa ke kwanciya a harabar. Nosakhele ta ce ta gaji, ko miya ta zuba masa sai ya faɗi gangaren kwanon.

Wata rana muna zaune, ya gama wani lissafi mai wuya ba tare da na sa baki ba. Na dube shi, abin da na riƙe a ciki shekara talatin da wani abu ya fito da kansa. Na ce, "Fezile, da kai aka bari ka yi karatu, da ka wuce ni nesa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da yanzu wa zai gyara miki banɗaki? Ba ni na gaba."

Ya koma Bhayi yana da shekara hamsin cif. Babalwa ce dai. Ya ce da ta gan shi ta ce, "Tata, ka dawo," shi kuma ya ce, "Na dawo, Malama." Ya ɗauki na'urar, ya yi awo, ya cika takardarsa da lambobi, ya shimfiɗa bututu. Sai da ya gama, in ji shi, ya faki idonta ya tsuguna ya rufe ido ɗaya don ya tabbatar na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta kama shi, ta kau da kai tana murmushi.

Takardar ta ɗauki watanni kafin ta iso, sannan aka yi rajista da hukumar masu aikin famfo, aka sake wata 'yar jarrabawa, aka ba shi kati mai hotonsa da lamba. Nosakhele ta yanka kaji huɗu. Aikin farko da ya sa wa hannu da lambarsa tankin ruwan zafi ne a gidan wata ma'aikaciyar jinya. Ya ce sau uku ya sake hawa silin yana dubawa kafin ya yarda ya sa hannu, alhali ya kafa irinsa sun fi ɗari biyar. Na tambaye shi dalili, ya ce da can in abu ya lalace sunan wani ne, yanzu sunan babanmu ne.

Na ɗauka a nan zai tsaya. Amma ya ji cewa sama da lasisi akwai matakin babban gwani, wanda ba a ba mutum sai ya ƙara shekaru yana aiki da lambarsa ba tare da ƙorafi ba, ya ƙaro ilimi, ya kuma nuna ya koyar da wasu. Ya sayi tsohuwar a-kori-kura, ya rufa rumfar kwano a bayan gida. Ya je ya koyo aikin tankin da rana ke dafa wa ruwa, yana zaune a aji da sa'o'in 'ya'yansa, suna kiransa Kaka. Ya ɗauki mutum biyar, uku daga ciki mata ne, zawarawa biyu da wata da masana'antar ɗinki ta sallama. Mutanen layi suka yi ta surutu, wai mace da haƙa masai. Ya ce wadda ta kayar da shi jarrabawa ma mace ce, kuma gaskiya ta fi shi. Ba kamar Kotze ba, shi yana koyarwa, har ya yi yawa. Ba ya barin mutum ya taɓa bututu sai ya rubuta lissafi a takarda ya nuna masa. Duk wanda ya cika shekarunsa kuma, da kansa yake cike masa takardar jarrabawa ya kai shi tasha. Biyu sun ci sun bar shi sun buɗe nasu. Nosakhele ta ce yana yi wa kansa kishiyoyin kasuwa, ya ce famfunan Mdantsane sun ishi kowa.

Kotze ya rasu ana cikin haka. Fezile ya sa kwat ya je jana'iza, ya tsaya a baya. Marlene ta gan shi ta jawo shi gaba, aka sa shi cikin masu ɗaukar akwati.

Bara aka kira shi gaban kwamitin mutum uku, suka yi awa biyu suna masa tambayoyi. Ya tafi da fayil mai kauri, da wasiƙun waɗanda ya koyar. Bayan sati shida saƙo ya shigo wayarsa yana cikin cin abinci, ya karanta da kansa, ya ajiye cokali, ya tako har gidana da takalmin wanka. Ya miƙo min wayar. Na karanta, an ba shi matakin babban gwani, na ce, "Jola." Ya ce, "To, shi ke nan," ya zauna ya sha shayi kofi biyu.

Yanzu shekararsa hamsin da bakwai. Gwiwar ba ta barinsa hawa silin, matan nan ne suke hawa, shi yana ƙasa da takarda. Ni kuma ritayata ta ƙare ba shiri, don Fezile ya bi ya tono duk tsofaffin da suka yi shekaru suna aikin famfo ba takarda, ya turo min su. Kowace Asabar da hantsi mutum bakwai ne a garejina, a kan bencin da coci ta ba mu aro, duk masu furfura, duk masu gardama. Abin da nake fara yi wa kowane sabo shi ne in aika shi a duba masa ido. Mongezi ne ya fi kowa daɗewa, ya faɗi sau biyu, ya ce ba zai daina ba sai in su ne suka gaji da ganinsa. Ranar Litinin mai zuwa zai koma karo na uku. Jiya ya kawo min lissafi goma da na ba shi, takwas daidai, biyun kuma ya rantse littafin ne ya yi kuskure.